Rantsuwar da Na Kasa Yi wa Kakata

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A lokacin da zan ba da labarinsa, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, ni budurwa ce da ta gama sakandare tana zaune a gidansu a Harra ta Gabas, nan Madina, tana jiran gurbin jami'a da ya ƙi fitowa. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, Hausar da kuke gani ma a ɗakin kakata na tsince ta. Ba ni da tarin ƙawaye, ba na son zuwa biki, kuma tun ina ƙarama aka san ni da zafin kai, abin da ke raina shi ke bakina. Abin da na iya ɗaya ne, zama gaban tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mini da ya samu aiki a wani gari. A cikinta na kamu da son wasannin labari na Japan. Ga wanda bai san su ba, ba irin na harbe-harbe ko tseren mota ba ne. Labari ne mutum yake karantawa a allo, da hotunan mutane da aka zana, da ɗan kiɗa ƙasa-ƙasa. In an kai wani wuri sai labarin ya tsaya a ba ka zaɓi, a yi kaza ko a yi kaza, abin da ka zaɓa kuma shi zai juya sauran labarin.

Japananci ba na ji, har yau ma ban iya ba. Abin da ya sa nake iya yin wasannin shi ne wani muntada, wato dandalin hira na intanet, inda masu son irin wannan abu daga ƙasashen Larabawa suke taruwa, kowa da sunan aro. A wancan lokacin, da kati ake sayen intanet a jona da layin wayar gida, in ina ciki babu mai samun mu, Ummi, mahaifiyata, ta yi ta faɗa. A muntadan akwai wasu samari da suka haɗa kai suna yi wa wasannin tarjama daga Japananci zuwa Larabci, kyauta, don so kawai. Shugabansu wani ɗalibi ne da ke karatu a can Japan ɗin, shi ne kuma mushrif, mai ikon goge magana ko korar mutum. In ya ce wasa ya yi, to ya yi, babu mai ja. Ni kaina ina cikin masu bin sa ido rufe, in ya yaba ɗan sharhin da na rubuta yini nake ina washe baki. Suna da doka guda da suka riƙe kamar farilla, ita ce ba a ƙona labari. Ma'ana, ba ka da izinin faɗa wa wanda bai gama wasa ba abin da zai faru a gaba. Wanda ya yi, a goge maganarsa a kore shi. A lokacin ni ma gani nake dokar ta yi daidai.

Kakata, mahaifiyar Ummi, a ƙafa ta zo ƙasar nan daga wajen Damagaram tana da ƙuruciyarta, ita da kakanmu, ta Chadi da Sudan, suna tafe suna tsayawa aikin gona har suka iso. Iyakar abin da mu jikoki muka sani ke nan. Sauran jikokin Sitti suke ce mata, ta yi musu Hausa su amsa da Larabci, ni kaɗai nake ce mata Kaka, don a gadonta na tashi. A shekarar da nake magana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Da aka sallamo ta daga mustashfa, wato asibiti, sai ga abin mamaki, Larabcin da ta yi shekaru tana ciniki da shi ya gudu ƙaf, Hausa kaɗai ta rage, ita ma da ƙyar take fita. Likitan da ke duba ta, wani Bakano mai kirki, ya ja mana kunne a kan abu biyu. A riƙa sa ta magana ko ta halin ƙaƙa, kuma a kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali, don jininta hawa yake ba sallama. Da yake ni ce marar aikin yi a gidan, ni aka bar wa zaman jinya, sai na kwashi kwamfutata na kai ɗakinta don kada kaɗaici ya kashe ni.

Wata rana bayan la'asar ina cikin wasa sai na ji muryarta a bayana, tana tambaya a hankali wai su wane ne waɗannan masu idanu kamar faranti. Wallahi saura kaɗan in faɗo daga kujera, don rabon da ta yi magana mai tsawon haka tun kafin ciwon. Na juyo da allon wajenta, na fara karanta Larabcin ina mayar mata da shi Hausa. Da aka zo wurin zaɓi na ce ta zaɓa. Daga ranar abin ya zama namu ni da ita. Ta yanke wa kowa hukunci, wannan ɗan iska ne, wancan malalaci, waccan kuma idonta ya cika rawa ba za ta yi zaman aure ba. Tana yi musu faɗa kamar suna jin ta. Ran da ta yi wani zaɓi da ya jefa yaron labarin cikin abin kunya, sai na nuna mata cewa ana iya komawa baya inda aka ajiye a sake zaɓa. Ta sa na sake yi ta gani. Ta ce lallai mutanen nan sun samo abin da ɗan Adam bai taɓa samu ba. Na yi dariya, ban kawo komai a raina ba. Kafin wani lokaci bakinta ya buɗe sosai, har Ummi takan kawo shayi da na'ana ta zauna tare da mu, likita kuma ya ce duk abin da muke yi mu ci gaba da shi. Sharaɗi ɗaya Kaka ta kafa mini, kada in riƙa wuce ta in leƙa gaba ni kaɗai, wai fuskata tona asiri take, in na riga na san abin da zai faru daɗin yana raguwa. Na yi mata alkawari.

Da muka cinye wasannin da na riga na sani, sai na shiga muntada neman shawara. Ina so masu karatu su lura da abin da na rubuta, don a nan ne har yau jinina yake tafasa. Ban ɓoye komai ba. Na ce wasan ba nawa ba ne, na kakata ne, tsohuwa marar lafiya mai hawan jini, ni ce nake fassara mata. Na ce ina neman labari mai sanyi, na dariya da zaman gida, wanda babu mutuwa a ciki, babu ciwo, babu rabuwa. Mushrif da kansa ya amsa. Ya ce akwai wanda suke kan tarjamarsa, sun saki mafi yawansa, labarin wata bazawara mai gidan abinci a wani tsibiri da 'yarta ƙarama, babu abin da ya fi shi dacewa da tsohuwa. Sauran suka yi caa a ƙasa, kowa na cewa in ɗauka kawai, dariya zalla ce, suna ta jera 'yan fuskokin nan masu murmushi. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na bi shi ta saƙon sirri na ce don girman Allah ya faɗa mini ko akwai wanda zai mutu. Ya ce in saki jikina, shi ya karanta wasan tun daga farko har ƙarshe da Japananci, kakata za ta gode mini. Ashe wata tsiya ce da suka saba shiryawa. In suka samu wanda bai san labari mai sa kuka ba, sai su tura shi ciki da sunan barkwanci, su koma gefe suna jira ya dawo da hawaye su yi ta shewa, wai ta haka ne labarin zai shige shi sosai. Na sha ganin suna tsokanar juna a kan wane ya yi kuka, amma ban taɓa gane da gangan ake haɗa abin ba. Na ambaci tsohuwa, na ambaci hawan jini, su ko a jikinsu, sabon kamu kawai suka gani.

Kawuna mai shago a titin Sultana ya samo mini faifan a wurin masu kwafa, na sauko da tarjamar na ɗora. Gaskiya farkonsa daɗi. Kaka ta sa wa bazawarar suna mai tuwo, ko da yake taliya take sayarwa, yarinyar kuma ta kira ta 'yar mitsila. Akwai wata kyanwa mai satar kifi, da wani tsoho maƙwabci da ke son auren mai tuwo, kullum ya zo da gyaran murya ta kora shi da tsintsiya. Kaka ta yi ta dariya har tana tari, tana cewa duk inda namiji yake halinsa ɗaya. Amma yarinyar ta fi shiga ranta. In hotonta ya fito takan miƙa hannunta mai lafiya kamar za ta shafa mata kai, in na yi jinkirin kunna kwamfuta ta ce in je in dubo mata ko 'yar mitsila ta ci abinci. Mun yi makonni a haka.

Sai wata la'asar yarinyar ta tashi da zazzaɓi. Na tuna maganar mushrif na ce ai za ta warke. Labarin ya kawo mu wurin zaɓi. Iska mai ƙarfi na tafe, ko uwar ta ɗauki 'yar ta shiga jirgin ruwa na ƙarshe zuwa asibitin babban gari, ko ta zauna a tsibirin ta jira likitan da ke zagayowa. Na fassara na juya ina jiran Kaka. Ta kafe allon da ido. Can ta ce a shiga jirgin. Na danna. Edita, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Idona yana gaba da bakina wajen karatu, na hango inda aka nufa, na fara i'ina, ina tsallake layi, ina ƙirƙiro nawa. Amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ga uwar nan zaune a ƙasan jirgi rungume da yarinya, hannun yarinyar ya saki, kiɗan ya tsaya. Kaka ta yi wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta kira wani suna da ban sani ba, ta sake kira. Ummi ta shigo da gudu, tana jin sunan ta dafe bango. Ranar a mustashfa muka ƙarasa yinin.

A barandar mustashfan Ummi ta faɗa mini abin da ba a taɓa faɗa mana ba. Ashe tana da yaya mace da aka haifa a hanya, a Sudan. Da su Kaka suka iso bakin teku bayan doguwar wahala, yarinyar ta kwanta da zazzaɓi daidai lokacin da jirgi zai tashi, kuma babu wanda ya san yaushe za a samu wani. Kakanmu ya ce wa Kaka ita ce uwa, ita za ta yanke, a tafi ko a jira. Ta ce a tafi. Yarinyar ta rasu a tsakiyar ruwa, aka yi mata salla a cikin jirgi aka sa ta a teku. Babu kabari, babu inda za a je a tsaya a yi mata addu'a. Ummi ta ce tun tasowarta sau ɗaya ta taɓa jin maganar, shi ma daga bakin mahaifinta. Ban ce mushrif ya san wannan ba, ni kaina ban sani ba. Amma ai shi ya sa na tambaya! Babu wanda ya san iyakar abin da ke cikin zuciyar tsoho, shi ya sa na roƙa a faɗa mini gaskiya kafin in kai mata abin.

Da aka dawo da Kaka gida na tashi zan fitar da kwamfutar daga ɗakin, ta hana. Ta ce ba ni ce na nuna mata ana komawa baya ba, to in koma, a jira likitan, tana son ta gani. Ta ce ta zaɓi jirgin ne don ta ga ko wannan karon za a isa. Ummi ta yi ta lallashi, ana ce mata ƙaddara ce, Kaka ta ce ta fi mu sanin ƙaddara, ba ta taɓa ja da Ubangiji ba, amma shekara da shekaru tana yi wa kanta tambaya ɗaya babu mai amsa, yau kuma ga waɗanda suka rubuta hanyoyin biyu duka. Na san labarin zane ba shi ne rayuwarta ba, ita ma ta sani, amma zuciyarta ta riga ta rataya a wurin. Na koma inda muka ajiye, na zaɓi jira. Sai allo ya yi baƙi, wani rubutu ya fito, wai ba a kammala tarjamar wannan hanya ba, an kulle ta sai fitowa ta gaba, har da 'yar fuska mai murmushi a ƙarshe. Na cire tarjamar don in gwada asalin ko hotunan in gani, kwamfutata ba ta san haruffan Japan ba, wasan ya ƙi tashi sam. Kawu ya zaga Sultana da faifan, babu wanda ya iya komai a kai. Na nema a wasu shafukan, wasan ba sananne ba ne, ɗan Turancina kuma bai kai ni ko'ina ba.

Dole na koma wurin mushrif. Na haɗiye fushina, ni da ban iya haɗiye komai ba, na ba shi labari daga farko. Na ce ban zo faɗa ba, kalma ɗaya nake roƙo, in uwar ta jira, yarinyar tana rayuwa ko tana mutuwa. Kun san abin da ya ce? Ya ce ya yi baƙin ciki da rashin lafiyar kakata, Allah ya ba ta lafiya, amma shi bai taɓa ƙona labari ba kuma ba zai fara a kaina ba. Wai wannan hanyar ita ce zuciyar wasan, sun sha wahala a kanta, in ya faɗa mini zan iya fesa wa wasu, in yi haƙuri saura kaɗan su gama. Har ya ƙara da cewa kukan da kakata ta yi shaida ce cewa tarjamarsu ta yi kyau. Jama'a, ku ji fa! Tsohuwa ta kwanta da ƙarin ruwa a hannu, shi yana can yana yaba kansa. Na fito fili na rubuta a dandalin, na roƙi duk wanda ya sani ya taimake ni. Wata yarinya da ke ɗan jin Japananci ta amsa, na ga alamar an yi mini amsa, amma kafin layinmu mai jan ƙafa ya buɗe shafin an goge, ita kuma an dakatar da ita. Sauran suka taso mini, wasu na cewa ƙarya nake, na ƙirƙiro kaka ne don in ji ƙarshen labari, wasu na cewa wa ya aike ni ba tsohuwa wasan Japan. A nan na saki bakina, na wanke su tas da Larabcin da ban san na iya ba, aka kore ni. Na buɗe sabon suna, suka gane ni suka sake kora. Samari masu gemu, masu salla, wai masu ilimi, sun taru sun tsare ƙofar labarin zane kamar dukiyar marayu.

Kaka kuwa duk shigowar da zan yi tambayar ke nan, ko an buɗe hanyar. Abinci ya koma sai an yi da gaske, hirar da ta dawo ta sake janyewa, sai wannan tambaya kaɗai ta rage. Ganin tana ƙarewa a idona, wata rana na yanke shawarar in yi mata ƙarya. Na zauna a bakin gado na ce na samu wanda ya faɗa mini, ko da uwar ta jira yarinyar mutuwa take, babu bambanci, kwananta ne ya ƙare. Na ga fuskarta ta saki, wallahi na gani, kamar an sauke mata kaya. Sai ta kamo hannuna, ta kafe ni da ido, ta ce in rantse. Ta ce a garin Manzo muke, in ce wallahi an faɗa mini. Ita ce ta raine ni, ita ta koya mini ba a wasa da sunan Allah, ko a kan alewa ba ta taɓa barin mu rantse ba. Na buɗe baki, na kasa rantsewa. Na sunkuyar da kai. Ta saki hannuna a hankali, ta ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma sake cewa a kunna kwamfuta ba.

Ta rasu bayan ƙaramar salla, aka sallace ta a Harami aka kai ta Baƙi'a. Ban ce su suka kashe ta ba, Allah ya kiyaye, ajali ba ya hannun ɗan muntada. Ba a jima da share makoki ba suka saki cikakkiyar tarjamar, ana ta shagali da taya juna murna. Na sauko da ita, na zauna a ɗakin Kaka, gadon ba kowa, na koma inda muka ajiye na zaɓi jira. Uwar ta jira. Iska ta hana likita tsallakowa. Yarinyar ta mutu a kan shimfiɗarta a gida, a hannun uwar, hoton ma kusan iri ɗaya. Ko an tafi ko an jira, abin guda ne. Da gangan mai labarin ya tsara shi haka, har a ƙarshe tsohon maƙwabcin nan ya zauna yana faɗa wa uwar cewa ba zaɓinta ne ya kashe 'yarta ba. Ashe abin da na faɗa wa Kaka da sunan ƙarya shi ne gaskiyar. Da mushrif ɗin nan ya buɗe baki ya ba ni kalma ɗaya, da na rantse mata da zuciya ɗaya, na kalli cikin idonta. Na yi kuka har muryata ta dushe, na zaro faifan na karya shi biyu. Adireshinsa na intanet yana cikin tarjamar, na rubuta masa na ce kakata ta rasu, na ce ya san amsar tun ranar farko. Ya yi mini ta'aziyya layi guda, sannan ya ce yanzu na ga dalilin da ya sa bai ƙona mini ba, da na rasa daɗin ganin wannan ƙarshen da kaina. Daɗi! Ban iya mayar masa da komai ba sai Allah ya isa, kuma har yau ban janye ba.

Shekaru sun ja, na yi aure, yarana ma suna yin wasannin nan yanzu a wayoyinsu, ban hana su ba. Ba na zagin wasa, shi ya dawo wa Kaka da bakinta lokacin da magani ya kasa, kuma masu tarjama na kirki suna nan da yawa, Allah ya saka musu. Faɗana da masu ba da shawara ne. Ku da kuke zaune a dandali kuna cewa a kalli wannan, a karanta wancan, ku sani amana aka ba ku. In mutum ya ce muku abin na marar lafiya ne, ko na tsoho, ko na wanda aka yi wa rasuwa, ku ajiye wasa ku faɗi gaskiya, ba ku san wane ɗaki maganarku za ta shiga ba. Dokar hana ƙona labari an yi ta ne don mutane su ji daɗi, duk ranar da ta koma tana cutar da mutum ku taka ta ku wuce. Ku kuma masu jinya, kada ku yarda da bakin wanda ba ku taɓa gani ba, komai yawan masu yabonsa. Duk abin da za ku kai wa naku, ku fara bin sa da idonku har ƙarshe, ko da an sa ku alkawarin ba za ku leƙa ba. Wannan ita ce nadamata, da ma na saɓa wancan ƙaramin alkawari.

Mu mata ba ma shiga Baƙi'a, don haka in na fito daga Harami a bayan katanga nake tsayawa. In yi mata sallama, in yi mata addu'a, in haɗa da yayar Ummi da ke cikin teku. Daga nan sai in faɗa mata, in ce wallahi Kaka na gani da idona, ko an jira haka za a yi. Rantsuwar yanzu fita take ba wahala, sai dai babu mai kama hannuna ya ce in maimaita.